Bayan mota ya ƙage, tsayinta kuma daidai: nazarin wata Mercedes a Maraɗi

## Motar da mai ita

Mai motar ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana sayar da atamfa da shadda. Rumfarsa tana cikin gari, amma rabin cinikinsa a kasuwannin mako yake: Tibiri, Gidan Rumji, Agye, Tasawa, jefi-jefi har Dakwaro. Motarsa Mercedes ce 300 TD ta jerin W124, mai dogon baya, ƙirar 1991, injin gazuwal mai silinda 6. Kamar motoci da yawa a garin, sai da ta gama aikinta a Turai sannan ta sauka Kwatano, shi kuma ya saye ta a 2016. Lokacin da matsalar ta taso, agogonta ya wuce kilomita 400,000. Duk ranar kasuwa yakan loda mata dilolin kaya tsakanin kilo 200 da 300, ga yaran shago biyu a kujerar baya.

Abin da ya sa ya zaɓe ta shi ne komai lodi ba ta zama da gindi. Mercedes ta sa tsarin daidaita tsayi da man haidirolik a bayan motocinta masu dogon baya tun jerin W123 a 1978, ta ci gaba da shi a W124 da aka ƙera daga 1985 zuwa 1996.

Ga yadda yake aiki. Inji yana juya wani famfo da ke ɗebo mai daga wata gora da ke gefen injin. Man ya bi bututun ƙarfe zuwa baya, ya iske bawul ɗin daidaita tsayi. Bawul ɗin yana da ɗan hannu da aka haɗa da sandar ƙarfen nan mai hana mota jirkicewa a kwana. In kaya sun danne bayan, sandar ta murɗa, hannun ya ɗaga, bawul ya buɗe wa mai hanya, mota ta tashi. In an sauke kaya, sai ya mai da man cikin gora. A inda sauran motoci ke da amortisa, wato shokazoba, ita silinda biyu gare ta waɗanda man ke turawa. Sifirin na ƙarfe yana nan, sai dai an yi shi da laushi domin ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyin ba. Sai wasu ƙwallayen ƙarfe biyu a ƙarƙashin mota, ɗaya ga kowace silinda. Cikin kowane ƙwallo tantanin roba ya raba shi gida biyu: gefe guda mai, ɗaya gefen iskar naitirojin da aka matse. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. In taya ta hau tudu, silinda ta tura mai cikin ƙwallo, iskar ta tsuke ta karɓi bugun, sannan ta mayar.

## Oktoba 2023: farkon abin

Damina ta wuce, hanyoyin jar ƙasa sun yi gargada kamar yadda suka saba. Mai motar ya fara jin bayan yana duka a kan tudun rage gudu na bakin garuruwa, ya ɗauka hanya ce ta lalace. Cikin makonni biyu abin ya fito fili. Ko ɗan tsagin kwalta ta taka sai an ji shi a ƙashin baya, gefen hagu ya fi tsanani. A kan gargada bayan yana tsalle ƙanana-ƙanana da sauri, gilasai suna kaɗawa, in ta shiga kwana kuma gindin yana ɗan zamewa waje. Yaran shago suka daina son kujerar baya. Da bakinsa ya ce motar ta koma amalanken jaki.

Tsayinta kuwa bai canza ba. Da kaya ko babu kaya, tana tsaye tsaf, kuma ba ta bar ko ɗigon mai a inda take kwana ba.

## Nuwamba 2023: iskar taya da jan mai

Mai faci ne ya fara ba da shawara: tayoyin baya sun yi tauri, a rage musu iska. Aka sauke su daga bar 2.5 zuwa 1.8 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). Dukan ya ɗan yi sauƙi, domin taya mai laushi tana shanye wani abu. Bayan makonni uku, a hanyar Tasawa kusa da Gazawa, da cikakken lodi, tayar hagu ta yi zafi ta kumbura a gefe. Aka sayi wata a jaka 35 na kuɗin sefa, aka mai da iska yadda takardar da ke cikin murfin tankin mai ta nuna. Dukan ya dawo yadda yake.

A wannan watan ne wani gareji ya lura man gorar ya sauka ƙasa da alamar ƙarshe. Aka bi bututu tun daga famfo har bawul, aka duba silindu, ko'ina a bushe. Sai aka cika gorar da jan man nan na giya mai canza kanta, wajen rabin lita, domin shi ne a hannu. Daga ranar man bai sake sauka ba, aka bar maganar.

## Disamba 2023: robobin ƙafa

Ƙafar bayan W124 hannuwa biyar gare ta a kowane gefe, kowane hannu da robobinsa a bakinsa. Da aka ɗaga motar aka sa ƙarfe aka banƙara, an samu wasu sun tsattsage da gaske. Aka canza su a kan jaka 40 har da kuɗin aiki. Wata ƙara mai ƙwanƙwasa da aka daɗe ana ji ta ɓace, motar ta daina jan gefe in an taka birki. Taurin bai ragu ba ko kaɗan.

Garejin ya gwada matsar da sandar da ke haɗa hannun bawul, aka ɗaga bayan da santimita 3, wai ko silindun sun kai ƙarshen tafiyarsu ne suke duka. Abin ya ƙara muni. Bayan mako guda aka mai da sandar inda take.

## Janairu 2024: silindu

Tunda a kowace mota dukan baya aikin amortisa ne, sai aka yanke cewa silindun sun mutu. Samun sababbi ya yi wuya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyaka da Najeriya a rufe take, kayan gyaran da aka saba kawowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa sun yi ƙaranci, sun yi tsada. Aka samo tsofaffi biyu da aka ciro daga wata motar, jaka 70. Yaron da ya kwance tiyo ya ce man da ya fito fari ne da kumfa. An ji shi, amma aka ce ai gauraya ce ta jan mai da na asali.

Da aka fita gwaji, babu abin da ya canza. Bayan makonni biyu silindar hagu da aka sa ta fara jiƙewa da mai.

A nan garejin ya kawo shawarar da aka saba kawowa: a cire tsarin gaba ɗaya, a toshe bututu, a sa amortisa irin na kowa. Mai motar bai yarda ba. Ya ga wata irin tasa da aka yi wa haka, da an loda mata kaya sai gindi ya kusa shafar ƙasa, tunda sifirin ɗinta mai laushi ne. Ya kwashi tsofaffin silindunsa ya ajiye a bayan shago.

## Fabrairu 2024: bincike

Wani abokin kasuwancinsa ya tura shi wurin wani dattijon makaniki da ya koyi aiki a Yamai, a zamanin da ake ganin motocin Citroën a hannun manyan ma'aikata. Kamfanin Citroën ne ya fara fito da ƙafa mai mai da iska a 1954, ya shahara da ita a motar DS a 1955, don haka duk wanda ya taɓa kwance ƙwallayenta ya san alamunsu.

Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Ya bi labarin wata-wata, da aka zo kan rabin litar nan ta Nuwamba sai ya tsaya.

"Alhaji, man ga da kuka ƙara, ina na farko yat tahi?"

"Wallahi Baba, mun duba ko'ina, babu yoyo."

"To in bai zuba ƙasa ba, yana cikin mota."

Daga nan ya bi gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ya auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen ƙarfen da ke samanta: santimita 37 a hagu, 37 a dama. Ya danna gaban motar da hannu biyu, ya nutse ya dawo a hankali. Ya danna bayan, bai motsa ba sai ɗan abin da taya ta ba da. Da inji a kashe, ya sa aka loda buhu 4 masu kilo 50. Mota mai lafiya za ta zauna da santimita da yawa, sai an tada inji sannan ta tashi. Wannan santimita 1 kacal ta sauka.

Sai ya hau da ita kan rami, domin ba a kwanciya ƙarƙashin irin wannan mota a taɓa bawul: tana iya sauka a kan mutum nan take. Ya cire sandar bawul, aka tada inji, ya ɗaga hannun da yatsa. Bayan ya yi sama da sauri, kusan da fizga. Ya sauke hannun, motar ta sauka, aka ga mai yana komawa gora. Famfo yana turawa ke nan, bawul yana buɗewa yana rufewa. Saurin tashin kuwa shi ma shaida ne, domin in akwai iska a ƙwallaye sai man ya fara matse ta kafin mota ta ɗaga, shi ya sa mai lafiya take tashi sannu a hankali.

Ya saki matsin man ta ɗan noti na bawul, ya kwance ƙwallon hagu. Ya fi yadda ya kamata nauyi, da ya karkata shi mai ya yi ta zuba, baƙi da kumfa. Ya zura siririn ƙarfe mara tsini ta bakin, ya shige santimita 9 har ya taɓa bangon ciki. Tantanin ya fashe, iskar ta gudu ta bi mai ta fita ta gora, mai kuma ya cika gurbinta. Rabin litar da aka rasa ke nan.

Na dama ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan ne dattijon ya nuna ya san aikinsa. Da ya zura ƙarfen, ya tsaya a bakin, ya taɓa tantani. Da yawa za su ce wannan lafiya lau. Shi ya ce gwajin ƙarfe fashewa kaɗai yake nunawa. In tantani bai fashe ba, ko ɗan guntun iska ya rage zai turo shi bakin ƙofa da zarar an saki matsin mai. Ya aika aka aro agogon matsi daga masu gyaran tarakta, ya ɗaura shi a layin, ya cika ƙwallon da famfon motar, sannan ya riƙa sakin man a hankali yana kallon allura. Allura takan sauka sannu-sannu, sai ta kai wani wuri ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Inda ta faɗi, nan ne matsin iskar da ta rage. Ta faɗi a bar 6. Littafin gyara na kamfanin yana ba da wajen bar 23 ga sabon ƙwallo, in kuma ya sauka ƙasa da 15 a canza shi.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce lodi ya kai matsin mai bar 46. Ƙwallo mai bar 23 iskarsa za ta tsuke zuwa rabin wurinta, saura rabi da zai karɓi bugun hanya. Mai bar 6 kuwa za ta tsuke zuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas, ba sauran wurin lanƙwasa. Gefen dama yana da ɗan abin da ya rage, gefen hagu ba shi da komai, shi ya sa mai motar ya fi jin dukan a hagu tun Oktoba.

Wani mai walda da ke kusa ya ce a huda ƙwallon a sake cika shi daga kwalbarsa. Dattijon ya hana da kakkausar murya. Iskar walda in ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi tana iya fashewa, ƙwallayen Mercedes kuma a rufe aka yi su, ba a sake cika su, ba a yanka su, ba a sa musu wuta.

## Maris zuwa Afrilu 2024: jira da gyara

A cikin gari an samo tsofaffin ƙwallaye biyu, a ido ba su da aibi. Aka auna su da agogon: ɗaya bar 11, ɗaya 14. Aka mayar wa mai su. Dattijon ya ce a jira sababbi, kafin nan motar ta tsaya cikin gari, ba lodi, ba gudu. Mai motar ya yi kasuwannin azumi da motar haya, abin da ya ci masa rai da aljihu, domin lokacin ne cinikin tufafi ya fi tafiya.

A watan Maris aka buɗe iyaka. Sababbin ƙwallaye biyu suka iso daga Kano bayan ƙaramar salla, jaka 85. Aka haɗa da lita 3 na man da aka yi domin tsarin, wanda ake kira ZH-M, mai lambar MB 343.0 a jikin gorarsa, da sabon matacin da ke cikin gorar motar.

Aikin wuni ɗaya ne. Aka zuƙe tsohon mai, aka wanke gora, aka canza mataci. Aka cire silindun da aka sayo, aka ɗauko na asali daga bayan shago, aka duba su: a bushe suke, sandunansu sumul, suna tafiya ba sarƙewa. Aka mayar da su. Aka wanke bakin kowane bututu kafin a kwance shi, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɓata bawul, a garin da ƙura ba ta ƙarewa. Aka ɗaura ƙwallayen, aka cire tiyon da ke mai da mai gora aka sa shi cikin wani galan, aka tada inji ana zuba sabo har jan ya ƙare, mai tsabta ya fara fita. Sannan aka yi ta ɗaga motar ana sauke ta da hannun bawul har kumfa ya daina zuwa, aka mai da sanda, aka cika gora zuwa alama. Mai da mataci da kuɗin aiki suka tashi jaka 45.

Aka maimaita gwajin buhuna. Da inji a kashe ta sauka santimita 5. Da aka tada inji aka ɗan ƙara masa wuta, ta tashi a hankali cikin ƙasa da minti ɗaya. A hanyar Madarunfa, kan gargada, tsallen ya ɓace, gindin ya daina zamewa a kwana.

## Mayu zuwa Oktoba 2024: bibiya

An duba gora bayan mako ɗaya, an ƙara ɗan mai kaɗan da ya cike gurbin sauran iskar da ta fita. Daga nan bai sake sauka ba. Motar ta yi zafin Mayu, ta yi daminar 2024 da ruwanta ya yi wa Maraɗi ɓarna mai yawa ya kuma ɓata hanyoyi. A Oktoba aka sake aunawa: santimita 37 a kowane gefe, silindu a bushe, mai ba kumfa. Tayoyin baya suna cinyewa daidai.

## Hukunci

Watanni huɗu aka yi, jaka wajen 150 suka tafi, an bar jaki ana dukan taiki. Gyaran da ya yi magani jaka 130 ya ci. Babban abin da ya ɓatar da kowa shi ne tsayin motar. An ɗauka tunda tana ɗaga kaya, tsarin man lafiya yake, don haka aka fita neman laifi a wajensa. Alhali aiki biyu ne daban a cikin tsari guda: famfo da bawul su ke da tsayi, ƙwallaye su ke da laushi. Ɗaya yana iya mutuwa ɗayan yana aikinsa ba fashi.

Shaidu uku sun bayyana tun da wuri, kuma ba wanda ke buƙatar kuɗi: man da ya ragu sau ɗaya ba tare da yoyo ba, kumfar da yaron gareji ya gani ya kuma faɗa, da bayan da ba ya nutsewa in an danna. A ganina ta biyun ce ta fi ciwo, domin an gan ta da ido aka kuma ba ta wata fassara don ta dace da hukuncin da aka riga aka yanke.

Ba duk abin da aka yi ne ya tafi a banza ba. Robobin sun mutu da gaske, canza su daidai ne, sai dai ba su ne ciwon ba. Rage iskar taya kuwa kasada ce ga mota mai lodi a kwalta mai zafi, an yi sa'a taya kaɗai aka rasa. Jan man giya bai jawo matsalar ba, tunda bayanta ya zo, amma ya fi man tsarin kauri, kuma ya rufe bakin tambayar da ya kamata a yi. Da man birki aka zuba, da robobin cikin famfo da bawul da silindu duk sun kumbura sun lalace. Silindar da ta fara yoyo a Janairu wataƙila dama ta gaji, amma inda babu iskar da za ta karɓi bugu, duk matsin a kan robar bakin silinda yake ƙarewa, don haka ci gaba da tuƙi a wannan hali yana kashe kayan da suka fi ƙwallaye tsada.

Dalilin mutuwar ƙwallayen ba wani abin mamaki ba ne. Iska tana ratsa roba kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara ko mota tana ajiye, zafi yana gaggauta hakan yana kuma tsufar da robar, ga Maraɗi da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Yayin da iska ke raguwa, tantanin yana ƙara miƙewa da kowane bugu har ya yage. Mai motar ya tabbatar ba a taɓa canza su ba tun da ya saye ta a 2016. Su ma sababbin haka za su bi, shi ya sa dattijon ya ce a riƙa gwajin buhuna duk ƙarshen damina, a kuma auna su da agogo da zarar saukar ta fara raguwa daga santimita 5.